Maganin wanke kabon na zubawa a tanki: yana aiki, ko asarar riyal ce?

Tambayar daga wani ƙanenmu direba ce a Makka. Ya yi sallama ya ce yana da Camry ƙirar 2014 da ta ci kilomita 280,000, aikinta jigilar masu Umra tsakanin Makka da filin jirgin Jidda, wani lokaci har Madina. Kwanan nan ta fara karkarwa idan tana silo, shan fetur ya ƙaru, kuma ranar da ya hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa ya ji wata ƙara a inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A wurin juyen mai aka ce masa kabon ne, aka nuna masa kwalba ta riyal 15 da wata ta riyal 70, wani kuma ya ce ya rabu da kwalba ya je a yi mata wankin haidirojin. Yana son sanin wanne zai yi, kuma ko maganin ba ya kashe inji.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, sauran bayanin ka karanta in kana jiran fasinja a Tan'im. Maganin da ake zubawa a tanki yana aiki in na ƙwarai ne, amma inda fetur ya bi kawai yake wankewa. Inda fetur bai taka ba, ko katan guda ka juye ba abin da zai taɓa. Motarka ta yi dace, tana cikin waɗanda yake yi wa amfani. Sai dai a cikin alamomi ukun da ka lissafa, ƙarar hawan Hada ce nake kyautata zaton kwalba za ta iya yi wa wani abu. Shan fetur watakila ya ragu. Karkarwar silo kuwa, sai an ɗaga bonet an duba da ido.

Ka san ƙanzo a gindin tukunya. Tuwo ne dai, amma wuta ta dafa shi ta sake dafawa har ya zama abin da ruwan sanyi ba ya ɗagawa. Kabon haka yake. Ragowar fetur ne da bai ƙone duka ba, da tururin baƙin mai, da 'yar ƙurar da ta tsallake filta, su haɗu su manne a ƙarfe mai zafi, zafin ya yi ta gasa su. Babu injin da ba ya yinsa. Ko sabuwar mota ce, in ka cire fulogi bayan wata shida ka zura kyamara, za ka ga kan fistin ya yi baƙi, kuma lafiyarta ƙalau. Na faɗi haka ne domin akwai masu nuna wa mutum hoton cikin injinsa a allo, ya ga baƙi gabansa ya faɗi, ya zaro kuɗi. Siririn baƙi irin na bayan tukunya ba ciwo ba ne. Abin damuwa shi ne wanda ya yi kauri, ya yi ɓawo, ya fara tsattsagewa kamar ƙasan tafki da rani.

Wuraren da yake taruwa suna da yawa, amma uku ne suka shafi kwalbar tanki. Akwai bakin injekta, abin da Larabawan Sana'iyya, unguwar garejoji, ke ce wa bakkak. Ramukansa ƙanana ne ƙwarai, aikinsu su fesa fetur ya fita kamar hazo. Da sun fara cushewa sai fetur ya riƙa fita kamar tsartar yawu, ba ya gaurayuwa da iska sosai, ba ya ƙonewa duka, sai ka ga allurar tanki tana gudu. Akwai bayan bawul ɗin shigar iska, inda kabon kan taru ya zama kamar soso, ya rage hanyar iska, ya riƙa tsotse fetur da sassafe har mota ta yi ta tari kafin ta daidaita. Sai kuma cikin silinda kanta, kan fistin da rufin da ke samansa, kuma nan ne labarin tsakuwarka yake. Kabon in ya yi kauri a nan yana rage faɗin wurin, matsi ya ƙaru fiye da yadda aka ƙera injin, sannan yana riƙe zafi, wani gefensa ya yi ja kamar garwashi. Sai fetur ya fashe da kansa ba a kan lokacin da fulogi ya tsara masa ba. Wannan fashewar ce kake ji. Tana fitowa ne idan inji ya ɗau kaya: mota cike da mutane da jakunkuna da galan-galan na zamzam, mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, rana ta take, ga hawa zuwa garin da yake kusan mita 1,900 sama da teku. Injin yana da wata na'ura mai sauraron wannan ƙarar, da ta ji sai kwamfuta ta ja lokacin wuta baya don kare fistin. Ta kare shi kuwa, amma mota za ta rage ja, kai kuma ka ƙara danna totur, fetur ya ƙara tafiya. Ka ga yadda alamominka biyu za su iya zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu ga abin da mai sayar da kwalba ba zai tsaya faɗa maka ba, wani lokaci ma shi kansa bai sani ba. Injin fetur na zamani iri biyu ne ta fuskar inda injekta take zaune. Iri na farko, injekta tana waje, a hanyar iska, tana fesa fetur a bayan bawul, daga nan ya shiga silinda. Duk fesawa wanka ne ga bawul. In akwai magani a cikin fetur ɗin, zai bi ta injekta, ya jiƙa bawul, ya shiga cikin silinda, wato duk wurare ukun nan ya ratsa su. Camry ɗinka mai inji 2.5 na wannan zubin ne, haka mafi yawan tsofaffin Corolla da Yaris da Accent da suka cika titunan nan.

Iri na biyu, injekta ta zura kanta cikin silinda kai tsaye. Mitsubishi ne ya fara fitar da irinsa da yawa a 1996, yanzu kuma ya zama ruwan dare. In ka ga an rubuta GDI ko T-GDI ko TSI ko EcoBoost a murfin inji, to shi ne. Yana da ƙarfi, yana da tattalin mai, amma fetur ba ya taɓa bayan bawul ko sau ɗaya. Iska ce kawai ke wucewa ta nan, tare da tururin baƙin mai da injin ke mayarwa cikin hanyar iska don ya ƙone. Tururin ya sauka a kan bawul mai zafi, babu mai wanke shi, shekara da shekaru.

Bara wani Alhaji ya kawo mini irin wannan, ƙirar Turai mai turbo, tana misin da safe, fitilar cek na ƙiftawa. Kafin in ce komai ya buɗe but ya nuna mini kwalabe shida babu komai a ciki, duk masu tsada, ya ce duk ta shanye kuma jiya i yau. Na ce Alhaji zauna ka sha shayi. Muka kwance manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, na haska tocila na kira shi ya leƙa. Kowane bawul ya yi ƙullutu a wuya, baƙi ƙirin, mai danƙo daga sama, tauri daga ƙasa, kamar an dunƙula daddawa an liƙa masa. Hanyar da ya kamata babban yatsa ya shiga ya juya, da ƙyar ƙaramin yatsa zai wuce. Abin da yarona ya ƙwaƙulo da ƙarfe daga silinda huɗu ya kusa cika kofin shayin da Alhaji ya gama sha. Sauran muka bi shi da garin ɓawon jauz, wanda ake ce wa ainul jamal a kasuwa: ana juya inji har bawul ɗin silindar da ake aiki a kai su rufe ruf, a harba garin da iskar kwamfuresa, a riƙa zuƙe shi da wata na'ura a lokaci guda. Ɓawon ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba, sai ya kankare dattin ya bar bawul yana ƙyalli. Kwalaben Alhaji ba na jabu ba ne, sun ma wanke masa bakin injekta tas. Ciwon ne yake inda ba su da hanyar zuwa. Toyota kuwa ta haɗa injekta biyu a kowace silinda a sabon injin 2.5 da ya fara fitowa a Camry ƙirar 2018, ɗaya a ciki ɗaya a waje, tsarin da suke kira D-4S, kuma ta wajen tana yi wa bawul wankan da aka rasa.

To mu dawo kan kwalaben da aka nuna maka. Kada ka kalli hoton fistin mai walƙiya da ke gaba, juya bayanta ka karanta. Abin da kake nema haruffa uku ne, PEA, ko cikakken sunan, polyetheramine. Sinadarin wanki ne da ke jure zafi, ba ya ƙonewa nan take, shi ya sa yake iya kaiwa cikin silinda da ƙarfinsa, ya riƙa ɓamɓaro kabon kaɗan-kaɗan yana fita ta salansa. Kamfanin Chevron ne ya shahara da shi da sunan Techron, kuma akwai shi a Red Line SI-1 da Gumout Regane. Akwai ɗan uwansa PIBA, wanda yake wanke injekta da bawul da kyau amma ba gwani ba ne a cikin silinda. Sai kuma ayarin masu araha da galibinsu ɗanyen narkakken mai ne dangin kananzir, da ɗan turare da launi. Ba lallai su cutar ba, amma ga ƙanzon shekara goma ba su da ta cewa. Ban ce duk mai tsada na ƙwarai ne ba, na ga kwalabe masu tsada da ba su rubuta abin da ke cikinsu ba sam, kuma duk wanda ya ɓoye abin da ya zuba ni ba na saya. Ka kuma kula da jabu. Ka saya a babban shagon kayan mota ko wurin wakili, ka bar wadda ta yi wata uku tana shan rana a kan tebur a bakin titi.

Cewa sinadarin wanki yana aiki ba tatsuniyar 'yan kasuwa ba ce. A Amurka doka ta wajabta sa shi a cikin kowane fetur tun 1995. Da masu ƙera motoci suka ga adadin da doka ta ce bai isa ba, sai BMW da GM da Honda da Toyota suka fito da nasu ma'aunin mai suna Top Tier a 2004. A 2016 ƙungiyar direbobi ta AAA ta yi gwaji na tafiyar mil 4,000, ta samu fetur ɗin da ba na wannan ma'auni ba ya bar datti a bawul ninki 19 na wanda yake kan ma'aunin. Littafin wasu motocin Hyundai da Kia ma da kansa ya ce a riƙa zuba maganin lokaci-lokaci in ba a samun fetur mai isasshen sinadari. Abin lura a nan shi ne ƙarfin maganin ya fi yawa wajen hana taruwa. Wanda ya riga ya daskare yana raguwa, amma ba a dare ɗaya ba.

Wani zai ce maka ka koma shan 95 ya wanke maka inji. Lambar nan, 91 mai koren famfo da 95 mai ja, ba ta tsabta ba ce, ta juriyar fetur ce ga fashewa kafin lokaci. Camry ɗinka an yi ta ne ta sha 91 lafiya. Amma 95 zai yi maka wani amfanin, na bincike. Tun da aka tsayar da farashi a Yulin 2021, 91 yana riyal 2.18, 95 yana 2.33, wato halala 15 ce tsakani, lita 60 riyal 9 ke nan. Ka cika da 95 sau ɗaya ka sake hawa Hada da irin kayan da ka ɗauka. In tsakuwar ta yi shiru, ka tabbatar fashewar fetur ce, kuma zargin kabon ya yi ƙarfi. In tana nan yadda take, to wani ƙarfe ne ke kaɗawa, watakila garkuwar salansa ce ta kwance, kada ka ɓata kuɗin kwalba. Fetur da dizal na ƙasar nan an ɗaga su zuwa ma'aunin Euro 5 a farkon 2024, farar wutar da ke ciki ta ragu sosai, kuma alheri ne ga salansa da na'urorinta. Amma bai goge abin da ya taru a shekarun baya ba, kuma bai hana tankin ƙasa na wata mahaɗɗa, wato gidan mai, da ba a cika shiga ba ya tara ruwa da laka. Ka riƙa sha inda motoci ke layi.

Yadda za ka zuba ba wuya. Ka bari tanki ya sauko kwata ko ƙasa da haka, ka juye kwalbar a mahaɗɗa, ka cika fetur a kanta don ya gauraya. Ka duba lita nawa aka rubuta kwalbar za ta ɗauka, tankinka yana tsakanin lita 60 da 70, wasu kwalaben kuwa na ƙaramin tanki ne. Kada ka ninka don ka ga aiki da wuri. Ka daidaita shi da ranar da kake da tafiyar Madina: wajen kilomita 450 a titin Hijira, inji ya yi zafinsa na ƙa'ida ya zauna a kai awa huɗu zuwa biyar, babu wankin da ya fi wannan. Ban ce ka yi tsere ba, Sahir, kyamarar kama masu gudu, ba ya barci, gudun da allo ya yarda ya isa. Kada ka ƙara fetur a hanya sai tankin ya yi ƙasa sosai, don kada ka tsinka maganin. Kuma ka sa abin ya zo daf da juyen baƙin mai, domin wani ɓangare na maganin da dattin da ya ɗago kan sulale ta gefen fistin ya shiga baƙin mai. In ka ji sauƙi amma da saura, ka ƙara kwalba ɗaya a tanki na gaba. In biyu ba su yi komai ba, ta uku ma ba za ta yi ba. Bayan haka, kwalba ɗaya a duk juye biyu ta ishi mai irin aikinka.

Na ga masu zuba shi daren da za su kai mota fahas, wato binciken lafiyar mota, don hayaƙi ya wuce gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya, tanki guda ake ƙonewa kafin a ga bambanci.

Karkarwar silo kuwa, nan ne ake yawan barin jaki a daki taiki. Abu na farko da zan buɗe shi ne bakin totur, wanda a nan ake ce wa bawwaba. Wani faifai ne da ke buɗe wa iska hanya, a silo ɗan siririn tsagi kawai yake bari, kuma a wannan tsagin ne baƙin danƙo ke taruwa. Fetur ba ya bi ta nan ko a irin injinka, don haka kwalba ba ruwanta da shi. Aikin minti ashirin ne da feshi da tsumma mai tsabta, sai dai na lantarki ne, ba a banƙara faifan da ƙarfi, kuma bayan wanki kwamfuta na buƙatar sake koyon silo. Sai na'urar auna iska da ke bayan filta, ita tana da nata feshin daban, ba a taɓa wayarta da hannu. Sai fulogi: in sun haura kilomita 100,000 ba a duba su ba, lokaci ya yi, kuma jabun fulogi sun yi yawa a kasuwa har kwalinsu ya fi na asali kyau. Sai kujerun inji. Ga gwajin da za ka yi da kanka a danja: in tana karkarwa a D da mukayyif a kunne, ka mayar N ta lafa, allurar juyin inji kuma tana tsaye cak ba ta rawa, to roba ce ta mutu a kujera, ba ruwan kabon. Motar da ta ci 280,000 a zafin Makka, in ba a taɓa canza mata kujera ba zan yi mamaki. Ka sa a ɗora mata kwamfuta, kuma ka ce a rubuta maka lambobin kafin a goge. P0300 zuwa P0304 misin ne, P0171 kuwa iska ta fi fetur yawa, ko dai injekta ta cushe ko wani tiyo ya tsage yana shan iska.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, wato me ya tara kabon ɗin. Aikinka ne. Fasinja ya shiga Masallacin A'isha ɗaura harami, kai kana waje inji na silo, mukayyif na aiki, minti arba'in. Ka je Kudai ka yi jira, ka shiga zahamar bayan tarawihi a Ramadan, awa guda ba ka yi kilomita uku ba. Ban ga laifinka ba, garin da ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Hajjin 2024 ba a ce wa mutum ya zauna a mota babu sanyi. Amma a silo wuta ba ta da ƙarfi a cikin silinda, nan kabon ya fi samun wurin zama. Kuma mitar kilomita ba ta ƙirga wannan lokacin. Kai kana ganin manka ya yi 5,000, shi kuwa ya yi aikin da ya fi haka nesa. Don haka kada ka bi masu cewa mai na kilomita 10,000 ne ka kai shi can, kai a 5,000 za ka riƙa juyewa, da filta mai kyau. Filtar iska kuma a canza ta, a daina bugunta da iskar kwamfuresa har ta huje. Akwai wani ɗan bawul a jikin inji, PCV, shi ke sarrafa tururin baƙin mai, kuɗinsa kaɗan ne, in ya lalace shi kaɗai ya isa ya cika hanyar iska da mai.

Ka kuma tambaya ko an taɓa cire mata tamostat. Wannan ɗabi'ar tun ina yaron gareji a Ƙofar Ruwa na same ta, na zo Jidda na tarar ta riga ni isowa. Wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In babu tamostat, da dare a doguwar hanya, musamman lokacin sanyin Madina, ruwan ba ya kaiwa nan, kwamfuta ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba ta yi ta ƙara masa fetur. Ga shan mai, ga kabon, ka wanke yau ya dawo gobe.

Ka ce ko maganin yana kashe inji. Na tanki mai PEA, a kan adadinsa, ban taɓa ganin ya kashe ba. Masu kisan wasu ne. Akwai masu jefa kafur a tanki, da masu zuba tina ko man birki ko man giya, wai sirrin tsofaffin direbobi. Tina na cin robobin hanyar mai, sauran kuma suna kashe na'urar auna hayaƙi da abin nan na cikin salansa da a gida muke ce wa indomi, wanda kuɗinsa ya fi na kwalba ɗari. Wasu kwalaben ƙarin oktan kuma, wato masu ɗaga lambar fetur, suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, za ka gane su in ka cire fulogi ka ga ya yi ja kamar jan bulo. Akwai feshin da ake shaƙa wa inji ta hanyar iska yana aiki. Wannan yana da amfani ga masu GDI in an fara shi tun kafin abin ya daskare, amma aikin mai hankali ne: ruwa ba ya matsuwa, in ya taru a silinda ɗaya sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Farin hayaƙin da ke turnuƙe unguwa har mai mota ya yi ta murna, mafi yawansa maganin ne da kansa yake ƙonewa.

Wanda na fi tsoro shi ne na zubawa a cikin baƙin mai, wanda ake ce wa fulashin, domin ya taɓa cina. Shekarun baya aka kawo mini wata tsohuwar mota, na buɗe murfin mai na ga ciki kamar kwalta. Na ce bari in yi wa mai ita gwaninta, na zuba, na bar ta tana silo, na juye, mai ya fito baƙi ƙirin, muka yi ta barka. Kwana biyu sai ga waya daga Shumaisi, fitilar mai ta kawo, inji na bugu. A kan saɗaha, motar ɗaukar motoci, aka dawo da ita. Da muka sauke kaskon mai, rariyar famfo ta toshe da gutsattsarin dattin da maganin ya ɓamɓaro bai narkar ba, metal duk sun cinye. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma rabin kuɗin aikin daga aljihuna ya fita. Tun daga ranar, injin da ya yi kwalta sai dai in sauke kasko in wanke da hannu, ko in sa mai shi ya yi juye a kan kari sau uku.

Haidirojin kuma, na'ura ce da ke raba ruwa da lantarki ta tura iskar cikin inji na rabin awa ko awa. Na zura kyamara kafin da bayan a motoci da dama da aka yi wa. Laushin kunkunniya na sama yakan ragu, ƙanzon yana nan inda yake. Bayan bawul kuwa ba ya ma ganin wutar, tunda a cikin silinda take ci. Sauƙin da mutane ke ji, sau da yawa daga bawwabar da aka goge musu ne da kwamfutar da aka sake saitawa a cikin kuɗin. Da kuɗina ne, fulogi na asali zan saya.

Abu ɗaya ne zai rushe duk wannan lissafin, wato in motar tana shan baƙin mai. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da haka, Toyota ma ta amsa matsalar a Amurka. Taka ba wannan injin ba ne, amma tafiya ta yi tafiya. In zoben fistin ya maƙale ko robar bawul ta bushe, mai zai yi ta shiga silinda yana ƙonewa, kwalba tana sharewa ana zubarwa. Masu Hiace da H1 na dizal da ke karantawa, naku maganin daban ne, kada ku kuskura ku zuba na fetur, kuma kabon ɗinku ya fi taruwa a EGR, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wanda sai an kwance an wanke.

Don haka wannan makon ka fara da kwamfuta da bawwaba da fulogi, ka tabbatar tamostat na nan. Ka yi gwajin 95 a Hada. Sannan kwalba ɗaya mai PEA ranar tafiyar Madina, ka dawo ka yi juye. Ranar juyen ka ja sandar mai ka ɗau hotonta, ka sake ɗauka bayan kilomita 1,000 da safe kafin ka tayar, a wuri mai lebur. Fulogin da aka cire kada yaran gareji su watsar, ka jera su a kan kwali daga na ɗaya zuwa na huɗu yadda suka fito, ka turo mini hotonsu tare da lambobin da kwamfuta ta nuna.